Filin Makanikai: Tambayoyinku Kan Babban Janareta Mai Shan Gazuwal

Da zarar bazara ta kawo jiki, wasiƙun wannan fili sukan karkata ga babban janareta, irin na asibiti da otal da gidan ƙanƙara. Alƙaluman da ke ƙasa na akasarin injuna ne masu ƙarfin kVA 100 zuwa 1,000 (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin janareta). Inda littafin injinka ya faɗi wani abu dabam, bi littafin.

Assalamu alaikum. Maigidana ya ce injin gazuwal ba shi da fulogi. To me ke kunna man? Kuma ya hana ni taɓa sukurun gudu, alhali ina ganin in gudu ya ƙaru wuta ma za ta ƙaru.
*Ɗan koyo, Garwa*

Wa alaikumus salam. Maigidanka ya san aikinsa. Injin gazuwal iska zalla yake shaƙa. Fistan ya sauka, iska ta cika silinda. Ya hau, bawul duk a rufe, ya matse ta har ta koma kashi 1 cikin 16 ko 17 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500. Dab da ya kai ƙarshen hawansa sai nozul, wato bakin injekta mai feshin mai, ya feso mai kamar hazo, man ya kama da kansa, ya angiza fistan ƙasa. Hawa na biyu ne ke korar hayaƙi ta salansa. Shi ya sa injin da ringinsa ya cinye yake wahalar tashi da sanyin asuba: matsi ya ragu, iskar ba ta yi zafin da zai kunna man ba.

Sukurun gudu kuwa, ka ɗauke hannunka. Wutar Kamaru da Chadi Hz 50 ce, wato tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma altaneta, ɓangaren da ke samar da wutar, a yawancin manyan janaretoci tana da kawunan maganaɗisu 4, don haka dole ta juya sau 1,500 a minti. Aikin gwamnan injin ke nan, wato na'urar da ke riƙe gudun daidai: lodi ya hau, gudu ya so sauka, ya ƙara mai; lodi ya ragu, ya rage. In ka kai gudu 1,800 ka koma Hz 60, duk motar famfo da ke kan layin za ta ƙara gudu da kashi 20 cikin 100, ta ja wutar da ta fi ƙarfinta. Masu rage gudu wai don tattalin mai su ma firji da kwamfuresa suke ƙonawa. Volt kuma wata ƙaramar na'ura ce a jikin altaneta ke daidaita shi, ba wannan sukurun ba.

Ina da masauƙin baƙi, na sa janareta mai kVA 250. Da dare bai fi ɗaki 4 ke kunna na'urar sanyi ba. Yanzu wani baƙin ruwa mai maiƙo yana tsiyaya daga gaɓoɓin salansa, makanike ya ce sai an sauke injin.
*Wata Hajiya, Kuseri*

Hajiya, a dakata da sauke injin tukuna. Ga dukkan alamu rashin aiki ne ke damunsa. Janaretanki kilowat 200 yake bayarwa, domin ana ninka kVA da 0.8. Injin gazuwal yana son lodin da bai gaza kashi 30 cikin 100 ba, wato kilowat 60 a naki. Na'urar sanyi 4 da fitilu da firiza, da ƙyar su kai 15.

In lodi ya yi ƙanƙanta haka, cikin silinda ba ya ɗaukar zafi, man ba ya ƙonewa duka, ringi kuma ba ya samun matsin da zai manna shi da bangon silinda. Ragowar gazuwal ya haɗu da toka da ɗan baƙin mai, shi ne abin da kike gani yana tsiyaya. Ki sa a zaro sandar auna baƙin mai. In ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin gazuwal, to man ya fara gangarawa ƙasa, sai a yi juye nan take.

Maganinsa a ba shi aiki. A riƙa ƙara lodi daki-daki, na'urorin sanyi duka, hitar ruwa, famfon rijiyar burtsatse, har ya kai kashi 70 zuwa 80, a bar shi haka awa 2 zuwa 3. Zai yi hayaƙi sosai da farko, daga baya ya washe. Mutum ya tsaya a wurin da tukunyar kashe gobara, domin dattin da ya taru a salansa yana iya kamawa. In an yi haka bai daina ba, kuma yana shan baƙin mai, bangon silinda ya riga ya yi santsi, a lokacin ne maganar makanikenki ta taso.

A ganinmu ki nemi ƙarami mai kVA 30 don dare. Shi lita 4 zuwa 5 zai sha a awa a wannan lodin, babban kuwa ba zai gaza 8 ba, ga ciwon da yake jawo wa kansa.

Janaretan gidan ƙanƙarata yana mutuwa da kansa bayan azahar, allo ya nuna zafi. Da safe lafiya lau. An ba ni shawara a cire tamostat, a kuma tsinke wayar sansan zafi.
*Alhaji mai ƙanƙara, Njamena*

Alhaji, kar ka yarda, ko da wasa. Sansan nan, wato na'urar da ke auna zafin injin, shi ne ya tsaya tsakaninka da ƙonewar gaskit da tsagewar kan silinda. Ruwan injin mai lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 80 da 95, in ya kai wajen 100 ko ya ɗan haura sai injin ya kashe kansa. Cire tamostat ma ba ya magani. A manyan injuna da yawa, shi ne ke toshe gajeriyar hanyar ruwa in zafi ya hau, ya tilasta masa bi ta lagireto. Babu shi, ruwa ya riƙa zagaye a cikin injin, zafin ya ƙaru.

Fara da ɗakin. Sau da yawa za ka tarar lagireto yana hura zafi a bango, zafin ya dawo, fanka ta sake shaƙarsa. A haɗa bakin lagireto da tagar waje da mazurarin kwano ko tamfol mai kauri, yadda iskar ba za ta dawo ciki ba. Tagar shigar iska ta kasance a bayan altaneta, faɗinta ya kai na lagireto sau 1.5. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe ƙofofin ɗakin duka da rana tsaka. In zafi ya sauka, ɗakin ne.

Sai lagireton kansa. Haska tocila ta baya. In haske bai ratso ba, ƙura da maiƙo sun toshe shi. A wanke injin yana sanyi, da ruwa marar ƙarfi sosai don kada siraran ƙarafunan su lanƙwashe, daga gefen da iska ke fita zuwa gefen da take shiga, bayan an lulluɓe altaneta da leda. A danna fanbel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita 1 zuwa 1.5. Murfin lagireto ma a duba robarsa, domin matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa saurin tafasa. Ba a buɗe shi da zafi. Tururin yana saɓule fatar fuska da hannu.

Wane ruwa kuke zubawa? In na rijiya ne, yana barin farin dutse a cikin bututu, kuma ba shi da maganin da ke hana bangon silinda yin ƙananan ramuka, waɗanda kan huda har ruwa ya shiga baƙin mai. A zuba ruwan lagireto na gaskiya, wanda aka riga aka haɗa, ko a sami wanda ba a haɗa ba, a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir.

Abu na ƙarshe, ƙarfin da aka rubuta a jikin altaneta na iskar da ba ta wuce digiri 40 ba ne, Njamena kuwa a watan Afrilu tana haura haka. Daga azahar zuwa la'asar ka riƙe lodi a wajen kashi 80, kuma a auna layukan wuta 3 da janaretan ke fitarwa da mita a ga ba a jibga wa ɗaya kaya ba.

An ɗora mini kula da janaretan wani ƙaramin asibiti. Awa nawa ake juye, kuma yaya ake yi? Lokacin hunturu kullum sai na ciro filtar iska na kakkaɓe ta.
*Malam mai kula da injin, Marwa*

Malam, kafin sifana ta taɓa injin, a tabbatar ba zai iya tashi ba. Janaretan asibiti yawanci a kan tashi-da-kansa yake, in wutar gari ta ɗauke hannunka na kusa da fanka, cikin daƙiƙoƙi zai tashi. Ka mayar da allo kan kashe, ka danna jan maɓallin gaggawa, ka sauke babbar bireka ka sa mata kwaɗo, makullin a aljihunka. Ka kashe cajar batir, sannan ka cire kan batir na negatif. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Manyan injuna da yawa batir 2 suke amfani da su, volt 24, sifana in ta haɗa kawunan tana iya narkewa, kuma iskar da batir ke fitarwa tana fashewa da tartsatsi. Ka tuna wutar gari tana nan a akwatin sauya layi ko da injin a kashe. Zobe da agogo a cire, babbar riga a ajiye ta.

Juye a awa 250. Wasu sababbin injuna littafinsu ya ce 500, amma da ƙurar nan tamu da irin man da ake samu, mu 250 muke ba da shawara. Wanda bai cika awannin ba, kada ya wuce shekara. Baƙin mai 15W-40 na injin gazuwal, mai alamar CH-4 ko CI-4. A ɗumama injin minti 10 kafin a kashe a ɗauki matakan da muka faɗa a sama, man ya fi gudu ya kwaso datti. A juye a mazubi, a kalle shi da kyau: in ya yi fari-fari ruwa ya shiga, in yana ƙyalli ƙarfe ne ke cinyewa. A cire tsohuwar filta a tabbata robarta ta fito tare da ita, domin roba biyu a kan juna tana fashewa man ya tsiyaye cikin minti kaɗan. A shafa wa sabuwar roba ɗan mai, a ɗaura da hannu har ta taɓa, a ƙara kashi 3 cikin 4 na zagaye. A zuba mai zuwa layin sama na sanda, kada a wuce. Bayan an tayar, allurar matsin mai ta hau cikin daƙiƙa 10 zuwa 15, in ba ta hau ba a kashe. Da zafi yakan zauna tsakanin bar 3 da 5. A kashe, a jira minti 10, a sake aunawa.

Kakkaɓe filtar iska kullum kuwa, ka daina. Duk buɗewa ƙura na samun hanya, kuma bugawa a ƙasa na tsaga takardar inda ido ba ya gani. Akwai ɗan ma'auni a wuyan gidan filta, sai ya nuna ja ake taɓa ta. In babu sabuwa a hannu, a hura daga ciki zuwa waje da iskar da ba ta wuce bar 2 ba, a sa fitila a ciki a duba huji. Ƙaramar filtar da ke can ciki ba a hura ta, sauyawa ake yi. Shafa yatsa a cikin bututun da ya wuce filta zuwa turbo, wato na'urar da ke ƙara cusa iska cikin silinda. In ya fito da ƙura, akwai inda iska ke satar hanya, kuma ringi ne zai biya.

Kullum in za a kashe, a sauke lodi a bar shi minti 3 zuwa 5. Turbo yana juyawa dubun dubatan zagaye a minti cikin zafin hayaƙi, in aka kashe farat ɗaya man da ke cikinsa ƙonewa yake.

Mun sayi gazuwal a duro da araha. Tun daga nan injin casarmu yana sama da ƙasa, yana farin hayaƙi, jiya ya mutu ya ƙi tashi.
*Mai casar shinkafa, Yaguwa*

Araha ba ta ado, ɗan'uwa. Ruwa ne da datti. Kwance sukurun da ke ƙasan filtar raba ruwa, tara a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa. A tsiyaye gindin tanki, a sauya filtocin mai duka, a sassauta sukurun fitar da iska a kan filta, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 30, a ba ta minti 2 ta huce.

In injin na zamani ne mai kwamfuta, kada kowa ya sassauta bututun injekta. Matsin ciki yana kai bar 1,600 ko fiye, kuma ko na tsofaffin injuna ya isa ya huda fata. Yoyon mai da kwali ake nemansa, ba da yatsa ba. Wanda mai ya shige masa fata a kai shi asibiti nan take, ko da ramin bai fi na allura ba. Nan gaba a bar duro ya kwana a tsaye kafin a ɗiba, tiyo kada ya taɓa gindi.

Gaskiya ne injin gazuwal yana iya ƙin mutuwa ko an kashe makulli?
*Mai karatu, Ngaundare*

Gaskiya ne. In robar turbo ta lalace, ko an cika baƙin mai fiye da kima, man yana bi ta hanyar iska ya shiga silinda, injin ya mai da shi abincinsa. Gudu ya yi ta hawa, hayaƙi ya turnuƙe, rufe gazuwal ba ya tsayar da shi. Iska ake toshewa: a danna katako mai kauri a bakin shigar iska, ko a fesa tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 a wurin. Ban da tafin hannu, ban da tsumma, injin zai zuƙe su. In babu ko ɗaya a kusa, kowa ya fita daga ɗakin, kada a tsaya ta gefen injin.