Amsar Baffa Kan Zaman Zemi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka gabatar da batun bincikenka a zemi, zaman da farfesa ke yi da ɗalibansa duk mako a jami'o'in Japan, malam ya yi ta gyaɗa kai yana "hai, hai", daga ƙarshe ya ja numfashi ya ce "chotto muzukashii desu ne", wato da ɗan wuya. Kana tambaya ko ka ci gaba tunda bai hana ba.

Ai ya hana. Ka sake wa batun fasali.

Wannan "hai" ɗin aizuchi suke ce masa. Ka san yadda kakarka ke yin "to, to" in ana ba ta labari, alhali ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba? To shi ne. Kunnensa na tare da kai, iyakar ta ke nan. Babba a Japan ba ya son ya gwasale ka a bainar jama'a, sai ya naɗe a'a ɗinsa cikin "da wuya".

Abin da ya fi ba ni wahala a shekarata ta farko shi ne wutsiyar jimlar Japananci. Aikatau a ƙarshe yake zuwa, korewa ma a can take. Malami zai kwararo bayani, ina rubutawa hannu na rawa, sai ya rufe da "to wa kagirimasen", ba lallai haka ba ne. Shafi guda ya tashi a banza! Shi kuwa "dewa nai deshou ka" kama yake da tambayar mai shakka, wato "anya ba haka ba ne?", amma nan ne ya kafa ra'ayinsa. Su da aka haifa cikin harshen tun tsakiyar jimla sun hango inda za ta sauka. Kai sai ka yi haƙuri ya dire.

Ga kalmomi masu sauti ɗaya kuma. Kagaku kimiyya ce, kagaku kemistiri ce, har su kansu sukan ce wa kemistirin bakegaku don su raba gardama.

Ranar da wani farfesa ya ɗaga hannu ya ce "shirouto shitsumon de kyoushuku desu ga", wai a yi masa afuwa, tambayar wanda bai san fannin ba ce zai yi, to gyara zama. Ya gano ramin da ke cikin aikinka ne.

In an tashi, ka tari senpai ɗinka, wato ɗalibin da ke gaba da kai, a ɗakin bincike, ka ce ya fassara maka abin da malam yake nufi. Innarka na gaishe ka, ta ce ko kana samun abincin halal.