Tambayi likita: me za mu yi a watan Oktoba?

Likita, ƙungiyarmu ta matan unguwa a Zariya tana son yin wani abu a Oktoba, tunda shi ne watan wayar da kai kan sankarar mama. Wasu sun ce mu ɗinka anko ruwan hoda mu yi tattaki. Me ka gani?

Hajiya, anko ba laifi ba ne, amma da ni ne, kuɗin ɗinkin zan ɗauka in gayyato ma'aikaciyar jinya ta koya wa kowace mace duba nononta. Sau ɗaya a wata ake yi, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da nono ya saki. Wadda ta daina al'ada ta tsayar da rana guda a kowane wata.

Ta tsaya gaban madubi, hannuwa a ƙasa, sannan a sama, sannan a ƙugu. Tana duba ko fata ta lotsa, ko ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba. Daga nan ta kwanta, ta sa matashi a ƙarƙashin kafaɗar dama, ta shafa nonon dama da cikin yatsu uku na hannun hagu, tana ɗan dannawa tana zagayawa har cikin hammata. Sai ta juya ɗaya ɓangaren. Kada ta tsunkuli naman da yatsu biyu, domin lafiyayyen nono ma sai ta ji kamar da ƙulli a ciki.

Yawancin ƙulli ba sankara ba ne. Sai dai abin da ke cutar da mata shi ne jiran zafi, kuma sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo. Ƙulli mai tauri, ko jini daga kan nono, asibiti ake kai shi a makon, ba a tsaga, ba a sakiya. Wadda ta kai shekara 40 ta tambayi likitanta batun hoton nono.

Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Me zan iya yi a masallacinmu don kada wasu su shiga irin halin da muka shiga?

Allah Ya ba shi lafiya, Malam. Ranar 29 ga Oktoba ce ranar wannan cuta, kuma babban abin da ke jawo ta hawan jini ne. Ka nemi izinin liman, ku samo na'urar awo da ma'aikacin lafiya, a auna jama'a bayan sallar Juma'a. Mutum ya zauna minti 5 tukuna, ba goro ba taba rabin awa kafin awo, damtse daidai ƙirji, kuma ban da hira. A auna sau 2. Wanda ya kai 140/90 ko sama a tura shi asibiti a sake aunawa wata rana, don awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci.

A kuma koya wa mutane alamomi uku: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe. Da an ga ɗaya, a duba agogo a nufi asibitin da ke da hoton ƙwaƙwalwa, saboda maganin narkar da gudan jini yana da wa'adin kusan awa 4 da rabi. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, haɗiya na iya samun matsala ya shaƙe. Asfirin ma a dakata, don idan jijiya ce ta fashe, zubar jinin zai ƙara.

Ni malamin firamare ne a Maraɗi, ba mu da famfo. Ya za mu yi ranar wanke hannu?

Ranar 15 ga wata ke nan, kuma jarka mai lita 5 ta isa. Ka huda ta kusa da murfi da ƙusa mai zafi, ka rataye ta a sanda tsakanin turaku biyu, ka ɗaura igiya daga wuyanta zuwa icen da za a taka da ƙafa, jarkar ta karkata ruwa ya zubo. Sabulu a rataye a gefe, a haƙa ɗan rami a zuba tsakuwa don kada wurin ya yi taɓo. A cuɗa hannu daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ka kuma hana yara wanke hannu a kwano ɗaya kafin cin abinci. Na ƙarshe da dauɗar kowa yake wankewa. Buta ta fi, ɗaya na zuba wa ɗaya.

An ce shan-inna ta ƙare, to me ya sa har yanzu ake bin gida-gida?

A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, bayan an yi mata ganin ƙarshe a Borno a 2016. Amma akwai wani nau'in da ke yaɗuwa inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, shi ma yana shanye ƙafa. Ranar 24 ga Oktoba, ranar yaƙi da shan-inna ta duniya, ku fito da katin rigakafin kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 5, wanda aka tsallake masa a kai shi asibitin unguwa a cike.