Kafin ka kwance ogzilari a gida

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce motar yayanku mai jan taya huɗu tana yin "ƙas! ƙas!" daga ƙarƙashi duk lokacin da aka sa ta a 4H, wato giyar jan taya huɗu mai gudu, aka ba ta wuta a hawa, kuma ranka ya biya ka sauke akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, wanda muke ce wa ogzilari, ka gyara shi da hannunka a gida, ba rami, ba injin matsa boris. Tambayarka ita ce ko zai yiwu.

Zai yiwu mana. Giyabos ya fi shi rikici nesa ba kusa ba. Amma ka san halina, ba na son yaro ya riga kunnensa da hancinsa ɗaukar sifana. Ƙarar da ka kwatanta ta yi kama da ta sarƙar da ta saki tana tsallake haƙora, sai dai kuros ɗin farfela idan ya mutu shi ma yakan yi kukan da zai ruɗe ka. Don haka fara shiga ƙarƙashi ka kama farfelar gaba da ta baya ka girgiza su. In sun yi ƙam, sa motar a 4H, inji a kashe, tayoyin baya a ƙasa, ka kwance farfelar gaba, ka kama bakin da take ɗaure a kai ka murɗa dama ka murɗa hagu. Ɗan wasa kaɗan ba laifi ba ne. Idan kuwa ka ji hannunka ya yi tafiya kafin abin ya kama, to sarƙa ce.

Sai mai. Ka fara buɗe murfin zubawa na sama kafin na tsiyaya na ƙasa; na ga wanda ya zubar da mai tas sannan ya tarar na saman ya ƙi motsi. Tura yatsa ka ji inda man ya tsaya, ka sunsuna. Tsiyaye shi a cikin roba mai tsabta ka kai rana ka duba, domin a nan akwatin zai gaya maka abin da ke damunsa. Laushin toka-toka kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne. Ƙyalli fari yana yawo a cikin man, alminiyom ne, sarƙa ta saki har tana dukan jikin akwati tana kankare shi. Ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi da kake ji a yatsa, boris ne ko haƙorin giya. Guntayen roba kuwa takalman cokulan da ke tura giya ne suka ragargaje. Wanda ya zubar da wannan man a ƙasa bai duba ba ya jefar da rabin amsar.

Ba ka faɗa mini irin motar ba, kuma akwatunan iri biyu ne. Akwai mai giya zalla, kamar NP205 na manyan a-kori-kura na Amurka na shekarun 1970, jikinsa baƙin ƙarfe, nauyinsa ya haura kilo 60, ko na Land Cruiser 70. Waɗannan ba sarƙa a cikinsu. Akwai kuma mai sarƙa, kamar NP231 na Jeep Cherokee da Wrangler, jikin alminiyom, wajen kilo 30. Tunda alamarka ta sarƙa ce, da irin wannan na biyun zan yi maka misali. Nemi ɗan faifan ƙarfen da ke manne a bayan akwatin ka kwafe lambar kafin ka sayi komai. Ko a cikin NP231 ɗin, sandar da ke karɓar ƙarfi daga giyabos akwai mai tsaga 21 akwai mai 23, a ido kamar ɗaya suke, amma wannan ba ya shiga gurbin wancan. Man ma ba ɗaya ba ne: NP231 jan man giya otomatik yake sha, ATF, lita ɗaya da ɗan ɗoriya, na Land Cruiser kuwa man giya mai kauri. Littafin motar shi ne alƙali.

Wajen saukewa ba zan ja ka da nisa ba, ka sha yi tare da ni. Ƙasa mai daidai, mota a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka kuskura ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yi wa bakin kowace farfela alama da fenti don ta koma yadda ta fito. Babban notin bakin farfelar gaba, sassauta shi tun akwatin na jikin mota. In ka bari sai ya sauka, kai da shi za ku yi ta birgima a tsakar gida. Ka samu mai tallafa maka lokacin zarewa. Kuma ka wanke bayansa fes kafin ka kwance kusa ko ɗaya, don yashi ƙwaya ɗaya ya isa ya kashe sabon boris.

Abin da zai raba ka da kunya a aikin gida shi ne kwali. Shimfiɗa babban kwali a kan tebur, duk abin da ya fito ka jera shi daga hagu zuwa dama yadda ya fito, fuskar da ke kallon gaba tana sama. Kusoshin jikin akwati ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka zana siffar akwatin a wani kwalin ka soka kowace a gurbinta. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Yanzu kana ganin za ka tuna. Bayan kwana huɗu kana jiran kaya, washa biyu masu kama da juna za su sa ka tagumi. Kayan aikin da ba makawa sai da su kaɗan ne: filaya mai buɗe zoben makulli, mai kyau ba ta wasa ba, domin akwatin nan cike yake da zobba, gudumar roba, da sifana mai auna ɗauri.

Akwatin ɓari biyu ne, gam ya haɗa su ba gasket ba. Akwai 'yan wurare da aka bari musamman don sa sukundireba a ɓanɓare. A nan kaɗai za ka taɓa. Ka kafa kurfi a fuskar da suke haɗuwa, ka yi wa alminiyom rauni, to ka sayi yoyon da ba ya warkewa. Idan ya buɗe, sarƙa da sanduna biyun da take zagaye da su tare ake ɗaga su.

Yanzu ka zauna, kada ka yi sauri. Riƙe tsohuwar sarƙa a kwance ta gefe ka ga yadda take lanƙwasa ƙasa, ka riƙe sabuwa haka, bambancin zai ba ka mamaki. Dubi haƙoran da take hawa. In sun fara lanƙwasa kamar ƙugiya, su ma sun tashi aiki, kuma sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora ba ta daɗewa. Dubi takalman roba na cokulan nan biyu, su ne in sun cinye mota ke fitar da kanta daga giya tana cikin tafiya. Ƙananan giyoyin da ke zagaye a cikin zobe, masu ba da 4L, wato jan taya huɗu mai ƙarfi a hankali, juya kowace da yatsa ka ji ko tana kakarewa. Babban zoben mai haƙora da ke dashe a ɓarin gaba ba a canza shi shi kaɗai, in ya lalace ɓarin ake canzawa gaba ɗaya. Shafa farce a wuyan da oyil sil ke kamawa. In farcen ya faɗa kwari, sabon sil ba zai riƙe ba. Sannan ka busa ɗan bututun numfashi na sama. Yara da yawa ba sa kula shi, alhali in ya toshe, akwati ya yi zafi, iska ba ta da mafita sai ta tura mai ta bakin sil.

Rashin injin matsawa ba matsala ba ne. Ɗumama wurin zaman boris ɗin a jikin akwati kaɗan, sabon kuma ka bar shi ya yi sanyi a firji, zai shiga da ɗan bugu. Yi amfani da soket mai faɗinsa. In a jikin akwati zai zauna, zoben waje ake bugu. In a kan sanda ne, na ciki. Kuma ka tabbata bai rufe ƙaramar kafar da mai ke bi ba.

Bari in ba ka labarin wautata. Ina matashi na taɓa haɗa irin wannan akwati, tsoron yoyo ya sa na lafta gam kamar mai yaɓen bango. Da na ɗaure, wanda ya fito waje na goge ina jin daɗi, na manta cewa kamarsa ya matse ta ciki. NP231 yana da ɗan famfo a baya da ke zuƙo mai ta bututu mai rariya a bakinsa. Gam ɗin ya bushe, ya gutsure, ya je ya liƙe rariyar. Ba a yi wata biyu ba motar ta dawo tana kuka. Da na buɗe, sandar ta koma shuɗiya don zafi, ga zaren gam ja a kan rariya kamar tsutsa, ba wanda zan ɗora wa laifi. Zaren gam ɗaya siriri, kaurin milimita 3, shi ke nan. Wanke rariyar, wanke maganaɗisun da ke kwance a ƙasan akwatin ka mayar da shi, kuma ka ga da idonka cewa ɗan zoben roba na bakin bututun ya zauna a cikin famfo.

Shafa wa komai man da akwatin zai sha kafin ka haɗa. Kowane zoben makulli sai ka ji ya faɗa raminsa, ka juya shi ka gani. Kusoshin jiki a NP231 tsakanin Nm 27 da 34 a ma'aunin sifana mai auna ɗauri ake ɗaure su, bi da bi a gicciye. Alminiyom ba ya son ƙarfin tuwon hannu, zaren yake tsigewa. Kafin ka ɗaga shi sama, gwada shi a tebur. A 2H, wato jan tayoyin baya kaɗai, bakin gaba ya juya a sake, ba ruwansa da na baya. A 4H su tafi tare. A N, wato firi, ka juya sandar shiga, kada bakin gaba ko na baya ya juya. A 4L yi alama ka ƙirga: sandar shiga ta zagaya sau 2.72, wato uku ba kaɗan, kafin ta fita ta yi ɗaya. In ɗaya ya saɓa, buɗe yanzu, tun gam bai kama ba.

Saura maganar yayanku, don sarƙa ba ta sakin kanta haka kawai. Irin wannan akwati a 4H kulle gaba da baya yake yi wuri ɗaya, ba abin da ke raba musu gudu. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A yashi ko laka taya takan ɗan zame ta huce, amma a busasshiyar kwalta ba inda za ta zame, sai duk wahalar ta taru a kan sarƙa. Haka in tayoyin ba girmansu ɗaya ba, ko biyu sababbi biyu sun suɗe. Tambaye shi cikin ladabi ko yana manta ta a 4H bayan ya hau titi, kai kuma ka zagaya ka karanta lambar kowace taya.

In ka mayar, zuba mai har ya taɓo bakin ramin sama, ka gwada ta a turɓaya, ka bi giyoyin duka, sannan ka kwanar da ita a kan kwali mai tsabta ka duba da safe. Ranar da ka buɗe, turo mini hoton maganaɗisun nan kafin ka goge shi.