Ina son in ba ƙungiyar makafi motata sadaka: miƙa makulli ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Ina da bas ƙirar Toyota Hiace mai kujera 15, mai shan dizal, na daɗe ina jigila da ita, yanzu na sayi wata. Akwai ƙungiyar makafi a unguwarmu da ke kai yara makaranta da marasa lafiya asibitin ido a bisa babura. Ina son in ba su motar saboda Allah. In tara su in miƙa makulli kawai, ko akwai abin da ya kamata in yi tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya karɓi niyya. Makulli shi ne abu na ƙarshe da za ka miƙa, domin mota baki gare ta, kullum sai ta ci. Ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon mambobi, idan aka ajiye mata bas ba tare da an yi lissafin cinta ba, wata shida ya isa ka tarar da motar a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashi.

Ka fara da zama da su kansu, shugabanni da sarkin makafi idan suna da shi, ba da masu ido da ke yi musu jagora kaɗai ba. Ka tambaye su ina za a riƙa zuwa, sau nawa a mako, wa zai sayi mai. Ku yi lissafin a gabansu da baki. Irin wannan mota tana shan kusan lita 10 a kowane kilomita 100 idan injinta lafiya. Garwa zuwa Marwa da dawowa ya haura kilomita 400, wato lita 42 ko kusa. A farashin da gwamnati ta yanka a Fabrairun 2024, sefa 828 kowace litar dizal, tafiya guda ta ci kusan sefa 35,000, ban da sefa 500 a kowane shingen biyan kuɗin hanya, ban da abincin direba. A ɗora albashinsa na wata, da inshora ta shekara, da juyen baƙin mai. Idan bayan wannan lissafi suka yi shiru, sun ba ka amsa: ka sayar da motar da kanka, ka saya musu abin da suka zaɓa da kuɗin, ko fararen sanduna, ko allunan rubutun makafi da takardunsu, ko ka biya wa mutane aikin cire yanar ido. Ladan bai ragu ba.

Idan sun ce za su iya, sai maganar doka, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru, mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, a sashe na 11 ta hana ƙungiyar da rajistarta ba ta wuce ta ofishin firefe, wato babban jami'in mulki na yanki, ba karɓar kyauta ko wasiyya daga hannun mutane, sai wadda shugaban ƙasa ya sa wa hannu a matsayin mai amfanin jama'a. Waɗanda suka samu amincewa a matsayin ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, ƙarƙashin doka mai lamba 99/014 ta 22 ga Disamba 1999 su kam suna da damar karɓa. Saboda haka ka ce su nuna maka takardunsu. Yawancin ƙungiyoyin unguwa rasit ɗin firefe kaɗai gare su. Idan haka ne, ka ɗauki takardar ka je ofishin ma'aikatar jin daɗin jama'a, MINAS, na jihar Arewa, sannan ka ga notar, wato jami'in doka mai rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita. Hanya biyu ce za a duba: ko motar ta bi ta hannun wata ƙungiya mai izinin karɓa, da sharaɗi a rubuce cewa aikin waɗannan makafi za ta yi, ko ta zauna da sunanka ka ba su aronta da yarjejeniya a rubuce. Ta biyun ta fi sauƙi, amma nauyin motar yana wuyanka har ranar da aka sauya suna.

Abin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a sa sunan shugaban ƙungiya a katin mota don a huta da zirga-zirga. Ranar da ya rasu motar ta shiga gado, 'ya'yansa kuma ba su yi laifi ba idan sun nema, tunda takarda ta ba su. Ranar da aka sauke shi daga shugabanci ma sai an kai ruwa rana.

Takardun motar su kasance cikakku kafin ranar miƙawa: katin mota, wanda aka fi sani da kat giriz, da sunanka, takardar kwastan, musamman idan motar ta shigo ta Najeriya, takardar bizit teknik, wato ta gwajin lafiyar mota, wadda wa'adinta bai ƙare ba, da tabbacin cewa ba ka jinginar da ita a banki ko asusun lamuni ba. A duba lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta katin, harafi da harafi, domin kuskuren harafi ɗaya ya isa ya tsayar da sauyin suna a ofishin sufuri. A rubuta takardar kyauta a gaban notar, a yi mata rajista a ofishin haraji, sannan a nemi sabon kati. Shawararmu ka biya kuɗin wannan duka da kanka, cikin sadakar ne. Ka kuma sanar da kamfanin inshora ranar da motar ta bar hannunka. A dokar inshora ta CIMA, wato ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Chadi ke bi, inshorar mota tana tsayawa da kanta daga kwana na biyar bayan ta sauya mai ita, ko da takardar da ke manne a gilashi ta nuna sauran wata takwas. Mutane na ɗaukar yara a haka suna zaton inshora na kare su. Sabuwar inshora ta faɗi kujeru 15 ɗin nan, kuma kada a wuce su. Idan ƙungiyar na tunanin yin haya da motar ranar kasuwar Pitowa don ta samu kuɗin mai, wannan wani lasisi ne daban da wata inshora daban, a faɗa tun farko.

Waɗanda za su sa hannu ba sa ganin abin da aka rubuta, don haka a karanta musu kowace takarda da ƙarfi, a fassara Faransancin zuwa Hausa ko Fulatanci, a gaban shaidu biyu da su suka zaɓa, ba kai ba. A naɗi karatun a waya a tura wa kowane ɗan kwamiti, ya zama suna da kwafin da za su iya saurara duk lokacin da gardama ta taso.

Sai lafiyar motar. Allah ya hana mu a cikin Baƙara, aya ta 267, mu nufi marar kyau mu ce shi za mu ciyar, kuma wanda ba ya gani ba zai lura da tayar da ta tsage ko man da ke ɗiga ba. Ka kai ta wurin makanikin da ba shi ya saba gyara maka ita ba. Idan injinta mai bel ɗin tayimin ne, kuma ba ka tuna ranar da aka sauya shi ba, a sauya. A kan yi haka wajen kowane kilomita 100,000, in ya tsinke a kan hanya yana lanƙwasa bawul, gyaran kuma ya fi ƙarfin asusun ƙungiya. A wanke lagireto a duba famfon ruwa, saboda zafin Garwa na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, ba ya yafe wa injin da ruwansa ba ya zagayawa. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara shida a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Birki, batir, matatar iska da ta mai, duk a sabunta. Ƙofar gefe mai ja ta riƙa tsayawa idan an buɗe, domin mai laluben hanya a bakin ƙofa yake sa hannu, in ta zame yatsu za ta datse. A walda marikin hannu a wurin shiga, a ɗaure matakala, a cire duk ƙarfen kujera da ya fito.

Direba shi ne idon motar, kuma shi ne ƙofar da ɓarna ta fi shigowa. Mota mai kujera fiye da tara tana buƙatar lasisin tuƙi na rukunin D, na B bai isa ba. A rubuta inda motar za ta kwana, kuma kada ya zama gidan direba. A ajiye littafi a cikinta, duk fita a rubuta lambar kilomita da ta tashi da wadda ta dawo, wani amintacce daban ya karanta wa kwamiti kowace Juma'a, a gwada da man da aka saya. A sha mai a gidan mai a karɓi rasit. Na jarka a bakin titi ya fi araha, amma ruwa da ƙasar da ke cikinsa famfon dizal suke kashewa. A koya wa direban ya riƙa faɗa da baki: mun tsaya, ƙofa na hannun dama, akwai kwata a gabanka. Ya ɗora hannun fasinja a kan marikin ƙofa, kada ya ja shi kamar kaya.

Ta fuskar addini, malaman Malikiyya sun ce kyauta ba ta kammala sai an karɓe ta a hannu; idan mai bayarwa ya rasu motar na cikin gidansa, ta koma ta magada. Don haka da zarar takardu sun kammala kada ka ja lokaci, ka kuma sanar da iyalinka a gaban shaidu. Bayan ka bayar, ba aronta don kai kaya garin Gidar, ba kuma sayenta da araha idan wata rana sun gaza riƙe ta: Sayyidina Umar ya so ya sayi dokin da ya bayar saboda Allah, Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Ku rubuta tun yanzu cewa idan za a sayar, sai da yardar kwamiti gaba ɗaya, kuɗin kuma ya shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Idan da hali, ka haɗa musu da inshorar shekarar farko da kuɗin man wata uku, su samu lokacin da za su tsara nasu.