Amsa ga 'yar'uwar da sufabaiza ta yi watsi da ita a wurin horo

Ƙanwata, kin ce kina digiri na biyu kan jinya ta hanyar zane a Amurka, an tura ki sashen masu taɓin hankali, sati biyar sufabaizarki, wato mai duba aikinki a wurin horon, ba ta zauna da ke ba, kina tambaya ko awanninki za su ƙirgu. Wallahi na san zafin nan.

Duk awar da sufabaiza ba ta sa wa hannu ba, ta tafi a banza. Ana neman aƙalla awa 700, wato 100 na firaktikal ɗin farko da 600 na babban horo, kuma kusan rabi sai kin yi su gaba da gaba da marasa lafiya. Abin da aka saba shi ne duk awa 10 da marasa lafiya, ki samu awa 1 ke da sufabaiza. Ki buɗe littafin ƙa'idojin makarantarku ki ga yadda suka tsara nasu.

Abin da ke ƙona rai, irin waɗannan sufabaizojin su ne suka karɓi ɗaliba da hannu bibbiyu, don sun samu mai aiki kyauta. A miƙa miki makulli da mutum takwas marasa lafiya, a ɓace. Yau mitin, gobe hutu, jibi "za mu yi magana". Ranar da wani ya fashe da kuka a tsakiyar zama, ko ya zana abin da ke nuna yana son hallaka kansa, ba kowa a kusa. Ƙarshen zango kuma ta ce ba ta ga aikinki ba, ta yaya za ta sa hannu? Wannan zalunci ne, a kanki da kan marasa lafiyar.

Kada ki jira. Ki tura mata imel yau ki nemi tsayayyar rana duk sati, ki saka malamin da ke kula da horonku a makaranta a ciki. Kullum ki rubuta kwanan wata da awanni, ki raba na ganawa da na rubutu da shiri, ta sa hannu duk Juma'a. In sati biyu suka wuce shiru, ki nemi canjin wuri.

Kafin nan, don Allah ki kula da kayan aiki. Ki ƙirga almakashi kafin zama da bayansa. Kada ki shiga da abin feƙe fensir, akwai reza a ciki, haka zare mai tsawo. Da sababbin mutane ki fara da fensir mai kala ko manna hotuna. Fentin ruwa da yumɓu suna saurin tono abin da ke zuciya, ke kuma ba ki da mai tallafa miki yanzu. Ki bar minti 10 na ƙarshe don tattara kaya da natsuwa.

Kada ki fassara wa mutum zanensa, wai ja fushi ne. Ki ce ya ba ki labarin abin da ya zana. Wanda ya ƙi zana mai rai saboda addini, ba taurin kai ba ne, ki ba shi zanen ado ko rubutu.

Hoton aikin wani kuma, sai da takardar izini mai sa hannunsa, ba suna a jiki, kuma ba a wayarki ba. Duk abin da ya nuna cutar da kai, ki gaya wa nas mai kula da sashen kafin ki bar ginin, ki rubuta lokacin da sunan wanda kika gaya wa.