Tambaya da Amsa: Matsalolin Masu Koyon Sassaƙa Biron Katako a Inji

Wasiƙun wannan karon duk a kan biron katako suka taru, wanda ake sassaƙawa a injin nan mai juya ice. Ga wanda bai taɓa gani ba: ana sayen kayan haɗi ne a ƙunshe, wato bututun tagulla biyu, da baki, da zoben tsakiya, da maƙali, da abin murɗawa, da hanjin biro. Aikin mai sassaƙa shi ne ya yi wa bututun nan riga ta katako. Amsoshinmu sun shafi siririn biro mai hudar milimita 7, don da shi kusan kowa yake fara koyo.

Tambaya daga wani mai karatu a Gwammaja: Assalamu alaikum. Malam, na yi biro goma sha biyu a watan Agusta da guntayen katakon da na samo a 'Yan Katako. Sun fito sumul, amma hunturu na shigowa bakwai suka tsage daga baki har kusan tsakiya. Ko gam ɗin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gam ba shi da laifi a nan, katakon ne bai bushe ba. Ka duba lissafin: ramin da ka huda milimita 7 ne, bakin biron kuma bayan an gama sassaƙa bai wuce milimita 8.4 ba. Ke nan katakon da ya rage a kan tagulla a wurin bai kai milimita ɗaya ba, kusan kaurin farce. A Agusta iskar Kano cike take da laima, katako ya sha ya kumbura. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar nan da ke fasa leɓe da dunduniya ita ce za ta zuƙe ruwan jikinsa, ya nemi tsukewa. Tagullar da ke ciki ba ta tsukewa tare da shi. Sai ya yage a inda ya fi siranta, shi ya sa tsagar take farawa daga baki.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ban da wanda za a yi biro da shi. Ka yanka katakon sanda-sanda, faɗin milimita 22 zuwa 25 kowane gefe, tsawon santimita 14. Ka tsoma ƙarshensa biyu a narkakken kyandir, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga take somawa. Ka jera su a inuwa cikin ɗaki, da ɗan tsinke tsakaninsu don iska ta ratsa. Kada ka shanya a rana ko a kan rufin kwano. Alƙalin bushewa shi ne sikeli, irin ƙaramin nan na kicin mai auna giram: ka rubuta nauyin kowace sanda a jikinta da fensir, ka riƙa aunawa duk mako. Ran da ka auna sau biyu ko uku a jere ba ta ragu ba, ta bushe. Abin da mai sayarwa ya ce maka game da bushewa, ka ji da kunne ɗaya.

Akwai wata dabara da masu gaggawa suke tsallakewa. Bayan ka huda ramin, ka ajiye katakon kwana biyu ko uku kafin ka sa gam. Idan ka dawo ka ga bututun ya ƙi shiga da sauƙi, to ramin ya tsuke, ka sake zura mahuji ka buɗa shi. Gara ya yi motsinsa yanzu da babu tagulla a ciki. Sannan ka faɗa wa mai saye kada ya bar biron a gaban gilashin mota da ranar Afrilu. Ko busasshen katako ba ya jure wannan.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kabuga: Duk lokacin da nake huda, mahujin na dab da fita sai ƙasan katakon ya fashe. Na yi asarar guda biyar.

Amsa: Abu biyu ne ke haɗuwa, zafi da dusa. Mahuji na nutsawa, dusar katako na cushewa a kwarinsa, ta rasa hanyar fita, ta yi zafi, ta tura bangon ramin waje. Ka rage gudu zuwa juyi 500 ko 800 a minti, kuma duk bayan milimita 10 ko 12 ka zaro mahujin ka karkaɗe shi. In ka taɓa ka ji ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ka dakata ya huce.

Hanyar da ta fi tsira ita ce kada ka bari mahujin ya fita ta ƙasa sam. Bututun tsawonsa wajen milimita 52 ne. Ka yanka katakon ya fi haka da kamar milimita 8, ka naɗa salatif a jikin mahujin a matsayin alama, ka huda zurfin milimita 55 ka tsaya, sannan ka yanke ragowar da zarto, ramin ya buɗe da kansa. Kafin ka raba sandar gida biyu, ka ja layi da fensir a tsawonta ta inda za ka yanka, kuma ka fara huda kowane ɓari daga wannan ɓangaren na tsakiya. Ta haka zanen icen zai haɗu idan an harhaɗa biron.

Tun da muna wurin, ga batun gam. Ka goge bayan bututun da samfefa lamba 120 har ƙyallinsa ya dushe. Ka danna bakinsa a kan yankakken dankalin turawa ya toshe, don kada gam ya shiga ciki. Gam mai haɗi biyu irin Araldite ya fi wa mai koyo, saboda yana ba ka lokaci. Sufa gulu kan kame bututun a rabin hanya, ba shiga ba fita. Ka tura kana murzawa, ka bar shi ya kwana.

Tambaya daga wani kafinta a Kurna: Ranka ya daɗe, idan na haɗa biron sai in ji ɗan tudu a gefe ɗaya inda katako ya haɗu da baki, ɗaya gefen kuma katakon ya nutse. Na canza cizal, abin bai canza ba.

Amsa: Ba a cizal gizo ke saƙar ba, Malam. Biron naka bai fito da'ira ba, ya yi ƙwai-ƙwai, kuma kusan kullum tsinken ƙarfen da ake jera katako a kai kamar tsire shi ne ya lanƙwashe. Kaurinsa bai wuce milimita 6 da 'yan kai ba. Masu aikin hannu sun saba ɗaure noti har sai ya yi ƙara, to a nan wannan ƙarfin shi ne ɓarna. Idan ka matsa tsinin bayan injin da ƙarfi, tsinken zai yi baka. Ka fara kawo tsinin ya shiga ɗan ramin ƙarshen tsinken har ya soma juyawa tare da shi, ka tsaya nan. Sai ka ɗaure notin da yatsu kawai, iya yadda katakon ba zai zame ba.

Don ka gane ko ya riga ya lanƙwashe, cire shi ka mirgina a kan gilashi. In yana tsalle, ka saya wani. In kuwa lafiyarsa ƙalau, to ka duba ƙarshen katakon. Dole ne a daidaita shi ya yi ɗoɗar da bakin tagullar, a kan kusurwar bututun ba ta katakon ba, don ramin ba ya cika tafiya a miƙe. Akwai abin aske baki da ake zurawa cikin bututun domin wannan aikin. Kana aske kana dubawa, da zarar zoben tagulla ya yi ƙyalli ka tsaya. In ka ci tagullar, biron ya gajarce, hanjin zai riƙa leƙowa ko an rufe.

Bushin, wato ƙananan zoben ƙarfen da ake sa wa a tsakanin katakon a kan tsinken don su nuna kaurin da za a sassaƙa, su ma suna cinyewa, domin samfefa tana gogarsu kullum. Bayan biro ashirin ko talatin ba su ne ma'auni ba kuma. Ka sayi ma'aunin kauri mai baki biyu, ka auna ainihin bakin biron da zobensa, ka sassaƙa zuwa wannan adadin. Mai koyo da ya fara aunawa ya bar sahun masu sa'a.

Tambaya daga wata malama a Tarauni: Wane katako ya dace in fara da shi? An ce sai na waje.

Amsa: Malama, wanda ya faɗi haka bai leƙa Na'ibawa ko Rijiyar Lemo da kyau ba. Biro guntu yake ci, abin da kafintoci ke sharewa a zuba a murhu. Ki fara da maɗaci: yana yankuwa da sauƙi, jansa yana ƙara nuna da daɗewa. Idan hannu ya faɗa, ki gwada aduwa, icen da ake yin allo da shi, mai launin rawaya da laushin fuska. Ƙirya, wadda ake yin turmi da taɓarya da ita, tana ɗaukar ƙyalli ƙwarai amma tana dakusa cizal nan da nan, sai kina wasawa a kai a kai. Kanya da zuciyar tsamiya ma haka, tauri da kyau, sai dai suna son a huda su a hankali.

Madobiya ta fi su zane, amma an yi mata yankan ƙare dangi saboda fitarwa ƙasashen waje, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017. In kin samu guntu daga tsohuwar kujera ko ƙofa, madalla. Kada ki sa a sare miki sabuwa, kuma ki yi tambaya kafin ki aika biron madobiya waje. Farin katako mai laushi irin obece ki bar shi wa masu silin, yana yagewa kuma ba shi da abin kallo. Ki sa takunkumi da tabarau, ki ɗaure mayafi ta baya sosai kada wani gefe ya yi lilo kusa da inji. Maza ma, babbar riga da dogon hannu ba kayan wannan aiki ba ne.

Tambaya daga Sabon Gari: Injina daga Amurka aka kawo mini. Zan iya sa shi a ƙaramin janareto?

Amsa: Duba farantin jikin motar injin, wato na'urar lantarkin da ke juya shi, tukuna. In an rubuta volt 110 ko 120, wutarmu 230 ce, in babu tiransifoma za ka ƙona shi. Mota mai rabin doki ƙarfinta wajen wat 370 ne, amma lokacin tashi tana jan ninkin haka sau da yawa, don haka ƙaramin janareton nan na shago zai riƙa shaƙewa. Nemi mai kVA 2 ko sama. Gudun sassaƙa biro juyi 2,000 zuwa 3,000 ne a minti, na samfefa kuma ƙasa da 1,000.

Tambaya daga wani mai karatu a Hotoro: Ina shafa man kaɗe a ƙarshe, biron ya yi ƙyalli, bayan mako guda ya dushe ya yi dauɗa. Na gwada sufa gulu, tsumman ya yi hayaƙi, biron kuma ya yi fari-fari.

Amsa: Man kaɗe da man gyaɗa ba sa bushewa su zama fata a kan katako, gumin hannu ne zai tafi da su, ƙura ta manne a ragowar. Sufa gulu ita ce ke jure aljihu, amma kyanta daga samfefa yake farawa. Ka bi lamba 150, 240, 320, 400, 600, kada ka tsallake ko ɗaya. Bayan kowace lamba ka kashe injin ka goga a tsaye, bin tsawon icen, har zoben da juyi ya bari su ɓace. Ka ɗaga biron a hasken taga ka karkata shi: duk layin da ka gani yanzu, gam zai ƙara fito da shi ne. Kada samfefar ta hau bushin ta dawo kan katako, baƙin garin ƙarfe zai shiga jikin aduwa ya ƙi fita.

Hayaƙin da ka gani, auduga ce; sufa gulu tana zafi nan take idan ta haɗu da ita, tana iya ƙona yatsa. Ka ninke takardar goge hannu gida huɗu, ka naɗe yatsanka da leda. Injin na juyawa a hankali, ka ɗiga ɗigo biyu ko uku na sufa gulu mai ruwa-ruwa, ka shafa sau ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan cikin daƙiƙa biyu ko uku, ka ɗauke hannu. Ka jira ya bushe, ka maimaita sau shida zuwa goma. Farin da ya fito laima ce ta shiga ƙarƙashi, ko daga katakon, ko daga iskar damina, ko kuma ka zuba da kauri. Ice mai maiƙo kamar madobiya, ka goge shi da asiton, ruwan nan da ake cire jan farce da shi, kafin shafin farko. A buɗe taga, tururin yana sa hawaye. Bayan ya kwana, ka bi shi da samfefar ruwa daga 800 zuwa 2,000, sannan man goge fentin mota. Kafin ka zare daga tsinken, ka zagaya mahaɗar katako da bushin da reza, in ba haka ba fatar gam za ta ɓalle tare da bushin.

Tambaya daga Fagge: Na haɗa komai, amma bakin hanjin ba ya komawa ciki gaba ɗaya.

Amsa: Ka tura abin murɗawar ya wuce wurinsa. A bais, wato abin matsin nan na ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, ake danna shi, da guntun katako a kowane muƙamuƙi don kada ƙarfen ya kwarzanu. Ka fara sa baki, sannan ka tura abin murɗawa ta ɓangaren tagullarsa, ka tsaya kafin layin da aka zana a jikinsa. Ka ɗaura hanjin ka murɗa ka gani. In bai fito sosai ba, ka cire shi ka ƙara rabin milimita, ka sake gwadawa. Wanda ya riga ya wuce, sai ka zura siririn ƙarfe ta cikinsa ka bugo bakin biron ya fita, sannan ka sa ƙarfe mai kaurin da ya cika bututun ta gaba ka turo abin murɗawar baya. Kafin ka mayar, ka leƙa cikin bututun ka kankare duk busasshen gam da ƙaramar wuƙa, ka ɗan share kaifin bakinsa, domin ɗigon gam ɗaya a ciki ya isa ya buɗa tagullar ya tsaga katakon lokacin dannawa.