Hukuncin karɓar mota ta hanyar kasuwancin "kawo mutum a ba ka kaso"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikacin gwamnati ne nan Sakkwato, ina zaune Mabera, albashina bai wuce 110,000 ba. Wan matata ne ya kai ni wata semina da anka yi a wani otal, wani kamfani ne na netwok da ke sayar da ganyen shayi da maganin ƙarin lafiya. Na yi rajista da 150,000 anka ba ni kaya, kuma kowane wata sai na sayi kayan 60,000 don kada a rufe man lamba. Sun ce in na kawo mutum biyar, su ma kowa ya kawo biyar, har na kai wani matsayi, za su ba ni mota ta miliyan 9. Da na matsa da tambaya sai anka ce kamfani zai biya miliyan ɗaya da rabi kafin alƙalami, sauran wani kamfanin bada lamuni zai biya, ni zan sa hannu, ana biyan 320,000 duk wata har shekara 3, amma wai kada in damu don bonas ɗin mota da za su riƙa ba ni shi zai biya. Yanzu na kawo mutum 4, ciki har da ƙanena da wani abokin aikina. Malam mi ne hukuncin wanga abu? Sun ce ai dillanci ne kuma dillanci halal ne.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, a yadda ka siffanta wanga abu bai halatta ba, kada ka sa hannu a takardar motar nan, kuma ka dakata da kawo mutane tun yau. Bari in yi maka bayani don kada ka ɗauka ƙiyayya ce da neman kuɗi.

Mu fara da motar tunda ita ta ja hankalinka. Sun ce za su "ba ka" mota, to wa ya sa hannu a takardar bashi? Kai. BVN ɗin wa za a ɗauka, albashin wa za a ɗaure, wa za a nema in wata ya mutu ba a biya ba? Duk kai. Kamfanin shayi ba ya cikin yarjejeniyar nan ko kaɗan, ban da kafin alƙalamin nan abin da ya yi alkawari kawai shi ne zai ba ka bonas muddin kana riƙe da matsayinka. Ka ɗauki biro ka yi lissafi. Miliyan 9 a cire miliyan ɗaya da rabi saura miliyan 7 da rabi, shi ne abin da masu lamuni za su biya maka. Kai kuma 320,000 sau wata 36 ya kama 11,520,000. Ke nan an ranta maka miliyan 7 da rabi ka mayar da ƙarin sama da miliyan 4 saboda jinkirin lokaci kawai. Wannan shi ne riba da Alƙur'ani ya haramta a suratul Baƙara aya ta 275, babu wani suna da za a canza mata, ko an kira ta kuɗin aiki ko kuɗin hidima. Kuma hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu cikin la'ana ɗaya, ya ce duk daidai suke. Saboda haka cewa "ai ba ni zan ci ruwan ba, ba ma daga aljihuna zai fita ba" ba ta fisshe ka, sunanka ne a takarda a matsayin mai bayarwa.

Ko da a ce babu ruwa a ciki, akwai wata matsala da ta fi damuna game da kai. Wata nawa kake da tabbacin za ka riƙe matsayin nan? Matsayin ba a hannunka yake ba, yana hannun mutanen da ke ƙasa da kai, sai sun ci gaba da sayen kayan 60,000 duk wata, su ma sai sun ci gaba da kawo wasu. Ranar da mutum uku cikinsu sunka gaji, ko azumi ya zo kowa ya koma neman gero da sukari, ko kuɗin makaranta ya taso, matsayi ya faɗi, bonas ya tsaya, amma 320,000 ɗin nan ba ta san da wannan ba, tana nan tana jiranka kai mai albashin 110,000. Abin da mafi yawan mutane ke yi a nan shi ne su riƙa sayen kayan da kansu da sunan na ƙasa da su don kada matsayi ya faɗi, ɗaki ya cika da kwalin shayi da ba mai saye, a ci wani bashin a biya wannan. In an kasa sai a ɗauke motar a yi gwanjonta ƙasa da kuɗinta, in bai cika ba a biyo ka cikon, a kuma tafi wurin wanda ya tsaya maka. Ban ma yi maganar mai da inshora da gyara ba, ka san yadda fetur ya koma tun da anka cire tallafi a watan Mayun 2023. Haɗa ciniki a kan abin da ba ka san zai samu ko ba zai samu ba shi ne garari, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari.

Sai maganar dillanci da sunka kawo maka. Gaskiya ne dillanci halal ne, Imamul Bukhari ya yi babi a kan ladan dillali ya kawo cewa Ibn Sirin da Ata'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a cikinsa ba. Amma je ka Kara ko kasuwar Achida ka dubi dillalin dabbobi. Ya biya mai sa kuɗi kafin a bar shi ya yi dillanci? An tilasta mashi sayen ɗan maraƙi duk wata don kada a kore shi? Yana karɓar la'ada a kan cinikin da wani dillali ya yi a Illela wanda bai taɓa gani ba? Kuma mai sayen sa, sa ɗin yake so, don shi ya zo kasuwa. A naku tsarin ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, da babu maganar mota da bonas za ka ba da 150,000 a kan ganyen shayin nan? Mutum huɗun da ka kawo, da wane zance ka shawo kansu, da amfanin shayi ko da hoton wani riƙe da makullin mota? In amsar ita ce mota, to abin da anka saya shi ne damar samun kuɗi, shayin an rataya shi ne don a ce akwai haja. Kuma in haja ta zama lulluɓi abin da ya rage shi ne kuɗi kaɗan yanzu don fatan kuɗi masu yawa nan gaba, wanda mai yiwuwa su zo mai yiwuwa kada su zo. Riba ta shigo, caca ma ta shigo.

Ba ni na fara faɗin haka ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya fitar da fatawa mai lamba 22935 a shekarar 1425 bayan hijira, wato 2004, a kan kamfanoni irin wannan da sunka yaɗu a ƙasashen Larabawa lokacin, ya haramta su da waɗannan dalilai, riba da garari da cin dukiyar mutane da ɓarna da yaudara, kuma ya amsa wannan shubuha ta dillanci da ta cewa wai kyauta ce. Majalisar fiƙihu ta Sudan ma ta haramta. Akwai malaman da sunka ce in hajar ta gaskiya ce, farashinta daidai da na kasuwa, ba a sharɗanta saye kafin a shiga ba, kuma ladan yana zuwa ne daga abin da ka sayar wa masu buƙata na haƙiƙa, to ya halatta. Ni ma ba na jayayya da wannan. Mace ta karɓi turare ko atamfa a wurin ɗan kasuwa ta zagaya gidajen biki ta sayar ta ɗauki kasonta, ba wanda ya ce komai. Sai dai naka ya faɗi a kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan, da bakinka ka ce sai da ka biya rajista kuma dole ka sayi kaya duk wata.

Wani zai ce to ai muna gani ana ba mutane motocin, ga bidiyo a Facebook da TikTok. Ƙwarai ana bayarwa, in ba a ba kowa ba wa zai shigo? Tambayar ita ce daga ina kuɗin sunka fito kuma mutum nawa za su iya kaiwa can. Yi lissafin biyar-biyar ɗin da kanka: 5, 25, 125, 625, 3,125, haka haka, a hawa na 10 ana buƙatar mutum sama da miliyan 9 da dubu 700, wanda ya fi duk mutanen jihar Sakkwato har jarirai, a hawa na 12 ana buƙatar sama da miliyan 244, an gama da Najeriya kaf. Kuma a kowane lokaci ka tsayar da lissafin, kusan huɗu cikin kowane biyar na waɗanda ke ciki suna hawa na ƙarshe ne, sun biya ba su da kowa a ƙasansu. Ko da shugabannin kamfanin mutanen kirki ne masu tsoron Allah lissafin ba ya canzawa, dole mafi yawa su yi hasara kafin kaɗan su hau mota. Shi ya sa kwatanta shi da adashi da wasu ke yi kuskure ne babba, a adashi kowa abin da ya zuba shi yake kwasa ba ƙari ba ragi. Allah ya ce a suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna sai in kasuwanci ne bisa yardar juna, kuma yardar wanda anka ɓoye wa wanga lissafi ba yarda ba ce.

Mun ga MMM a ƙasar nan, tsarin zuba kuɗi da alkawarin riba mai yawa, a watan Disambar 2016 sunka rufe asusun mutane, har yau wasu ba su farfaɗo ba. Mun ga CBEX, wani tsarin irinsa, ya rushe da kuɗin mutane a watan Afrilun 2025. Na san za a ce waɗancan ba su da haja mu muna da ita. To a Amurka, inda kasuwancin netwok ya samo asali, hukumar kare masu saye ta sa kamfanin netwok na Herbalife biyan dala miliyan 200 a 2016 tare da sake fasalin yadda yake biyan lada, ya zama sai a kan abin da anka sayar wa masu saye na gaskiya, kuma wannan kamfani ne mai haja da anka sani ko'ina. Nan gida dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara da ɗauri a kan masu gudanar da tsarin karɓa nan a biya can. Kuma don Allah a daina ruɗar mutane da takardar CAC, rajistar suna ce kawai, ba ta nufin wata hukuma ta duba yadda ake raba kuɗin, balle ta zama hujjar shari'a.

Abin da ya fi ɓata man rai a wanga harka shi ne wa ake kawowa. Ba baƙo ake tara a hanya ba, ƙane ne, maƙwabci ne, abokin sahu a masallaci ne, wanda ya ba da kuɗinsa don ya yarda da kai ba don ya fahimci komai ba. Kai ma don kunyar wan matarka ka tafi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Kuma ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, da anka tambaye shi dalili ya ce mutum in bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ka hango kanka a wata na bakwai, masu lamuni suna bugo waya, wani bawan Allah ya zo yana tambayarka shin harkar nan akwai samu, mi za ka ce mashi alhali shigarsa ce za ta cece ka?

Abin da ya kamata ka yi. Ka tuba ga Allah, kuma tunda ba ka san hukuncin ba muna fatan babu zunubi a kan abin da ya wuce. Ka daina sayen kayan wata-wata. Kayan da ke hannunka naka ne, ka nemi kamfani ya karɓa ya mayar maka da kuɗinka in akwai wannan a ƙa'idarsu, in babu ka sayar a farashin da ya dace ba tare da cewa yana maganin sukari da hawan jini ba in ba ka da tabbaci. Mutum huɗun nan ka same su ɗaya bayan ɗaya ka gaya masu gaskiya, kuma duk bonas da ka karɓa saboda shigarsu abin da na fi natsuwa da shi ka mayar masu, don daga kuɗinsu ya fito kuma ka san su. Wan matarka ka yi mashi magana da ladabi a keɓe, mai yiwuwa shi ma ya nutse ne yana neman mafita, kada a ɓata zumunci a kan shayi.

In kuma buƙatar abin hawa ce ta gaske, akwai bankunan da ba su mu'amala da ruwa irin Jaiz da TAJ, suna yin murabaha, banki ya sayi motar ta zama tasa sannan ya sayar maka da farashi ɗaya sananne da ba ya ƙaruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a Jidda a 1990 cewa ƙarin farashi a cinikin ajali ya halatta in an tsayar da shi tun wurin ƙulla ciniki. Sai dai ka sani malamanmu Malikawa suna da tsanani a kan sigar "saya man da goma in saya wurinka da sha biyu zuwa ajali", saboda haka ka kai wa malami takardar ya karanta, a tabbatar bankin ya mallaki motar kafin ya sayar maka. Amma ko ta wannan hanya ban ba ka shawarar motar miliyan 9 da wanga albashi ba, ka shiga adashin ofis ko ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata da ba ta sa ruwa, ka fara da mashin.

Wallahu a'alam.